Tambaya da Amsa: Tawada ta ƙi bushewa a kan ledar PP

Tambayar wannan makon daga Garwa ta zo, daga wani mai shagon buga bash (babbar ledar talla) da sitika. Ga abin da ya rubuto:

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da inji HP Latex 360 da na saya okaziyo, wato na hannu, daga Duwala, shekara biyu kenan yana min aiki lafiya lau a kan bash da sitika. To satin da ya wuce wata makaranta ta ba ni aikin rolop (allon talla na tsaye mai naɗewa) guda 12 na komawa karatu, bangon zanen shuɗi ne mai duhu sosai da farin rubutu, na sayo ledar PP rulo biyu, wallahi tun da na fara bugawa tawadar a jiƙe take fitowa, in ka sa yatsa sai ta biyo ka. Na ƙara zafi har digiri 110 sai ledar ta kama lanƙwashewa tana tudu tudu har kan injin ya goge ta, na rage zafi ta koma jiƙa. Wanda ma na ga kamar ya bushe na naɗe na ajiye, da safe na warware na tarar ya yi maiƙo ya manne da bayan ledar. Rabin rulo ya tafi a banza. Wani ya ce min hita ce ta mutu, wani ya ce in canza kawunan injin duka. Don Allah Malam ina mafita, masu aiki sun fara kira."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Rabin rulo ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle ga kiran masu aiki a kai. Amma tun kafin mu yi nisa, don Allah kar ka sayi kan inji, wato abin da ke fesa tawada, ko ɗaya tukuna, kar kuma ka bari a kwance maka hita. Injin da yake busar da tawada a kan bash da sitika a yau ɗin nan, da wuya a ce hitarsa ta mutu. Gwada ka gani ma, saka sitikar da ka saba ka buga wannan shuɗin mai duhu, in ya fito a bushe to ka wanke injin daga zargi, matsalar tana tsakanin ledar da saitin da ka ba ta.

Bari in ɗan faɗa maka abin da ke faruwa a cikin injin, don in ka gane shi kai da kanka za ka riƙa warware irin wannan ba sai ka tambayi kowa ba. Tawadar latas (Latex), wato irin ta injinka, wadda kamfanin HP ya fito da ita a 2008, fiye da rabinta ruwa ne. A cikin ruwan akwai garin launi, akwai ƙananan ƙwayoyin roba da ido ba ya gani, sai kuma wani sinadari mai ɗan maiƙo da aka sa don kar tawadar ta bushe a bakin kan injin ta toshe shi. Idan kan ya fesa, ruwan ya fara tashi tun a wurin bugu, sannan ledar ta gangaro ƙarƙashin hitar gaba inda iska mai zafi ke busawa, a nan ne sauran ruwan da wannan sinadari mai maiƙo za su ƙarasa fita, ƙwayoyin robar su narke su haɗu su zama fata guda da ta rufe launin. In ba a kai nan ba, tawada ba ta nuna ba, kamar tuwon da aka sauke da wuri ne, sama ya yi kama da ya yi amma ciki gari ne. Maiƙon da ka gani da safe shi ne wannan sinadarin, bai gama fita ba ka naɗe shi, ya kwana a rufe ya taso sama.

To me ya sa a bash ba ka ganin haka? Takarda tana shan ruwa, ta taimaki injin. Bash da sitika na PVC ne, suna jure zafi sama da 100 kuma tawadar tana kama jikinsu. Ita kuwa PP, wato folifurofilin, irin robar da ake yin buhun shinkafa da kujerun roba da ita, ba ta shan komai, ko ɗigo, kuma jikinta santsi ne da ruwa ba ya son zama a kai. Sannan ga rashin jure wuta. Ba ta narkewa sai wajen digiri 160, amma tun da nisa kafin nan take yin laushi ta fara motsi, shi ya sa a 110 ta yi maka tudu. Kaga kenan an rufe maka ƙofa biyu, ba ta sha, ba ta kuma yarda a ƙara mata wuta. Saura ƙofa biyu a buɗe, rage yawan tawadar da ke sauka, da ƙara lokacin da ledar ke yi a ƙarƙashin zafi. Yawancin mutanenmu zafi kawai suke sani, da sun ga jiƙa sai hannu ya tafi kan zafi, ni kuma a ganina a kan PP zafi shi ne na ƙarshe da ya kamata a taɓa.

Amma kafin saiti, fara da ledar kanta, don in ita ce ba daidai ba ko kwana za ka yi kana juya lambobi ba abin da zai canza. Ba kowace PP ce ta latas ba. Akwai wadda aka shafa wa fuska don ƙananan injinan tawadar ruwa na buga hoto, akwai ta wasu irin tawada da ake kira eko solben da UV, akwai wadda aka rubuta ta dace da latas. A kasuwa kuwa duk sunansu ɗaya, PP, mai kanti ma sau da yawa bai san bambancin ba, shi dai an kawo masa daga Duwala ko ta Najeriya ya jera. Duba kwalin ko takardar da ke manne a bakin rulon, in ba ka ga an ambaci latas ba to ka fara zarginta. Sai ka duba fuskar da kake bugawa, don wani rulon fuskar bugunsa a waje take wani kuma a ciki, kuma in duka ɓangarorin farare ne mutum yana iya juya ta bai sani ba. Jiƙa yatsa kaɗan ka dangwala gefe biyun, wanda ya ɗan kama yatsanka ko ya fi kaushi shi ne mai shafin. Ko ka ɗiga ruwa, inda ya dunƙule ya yi ƙwallo yana gangara kamar a kan ganyen gwaza, nan ba wurin bugu ba ne.

Akwai kuma wata PP ɗin da ba a shafa mata komai ba, wutar lantarki kawai aka bi fuskarta da ita a masana'anta don tawada ta samu wurin kamawa. Ana auna wannan da wani ma'auni da ake kira dayin, ɗanyar PP tana wajen 30, bugu kuma yana son 38 zuwa sama. Abin da mutane ba su sani ba shi ne wannan gyaran yana gushewa da daɗewa, zafi kuma yana saurin cinye shi. Yanzu ka tuna hanyar da rulon ya biyo kafin ya zo hannunka, ya sha zaman kwantena a tashar jirgin ruwa, ya hau zuwa Ngaundere, ya gangaro Garwa a bayan babbar mota rana na dukansa, sannan ya je ya kwanta a sito mai rufin kwano ya ci watan Maris da Afrilu da zafinmu ke wuce 40. Na taɓa shiga wani sito da rana tsaka neman leda, na dafa rulon da ke saman tari sai da na janye hannu, kwalin ma ya yi laushi, kuma a haka ake sayarwa. Irin wannan in ka buga za ka ga tawadar tana tattaruwa ƙwaya ƙwaya kamar zufa, ba ta shimfiɗuwa. In haka naka yake yi, mayar da rulon da ba ka buɗe ba kawai, ba saitin da zai gyara shi.

To in ledar ta latas ce kuma fuskar daidai ce, mu zo kan saiti. Ina kyautata zaton da furofayil, wato jerin saitin da aka ajiye wa kowace irin leda, na sitika ko na bash ka buga, don haka akasari ake yi, a bar inji a kan abin da aka saba. Shiga allon injin ka nemi rukunin PP da PE, ko ka sauko da na wannan ledar ta intanet in akwai, in babu ka kwafi na gama gari ka sa masa suna ka riƙa gyara shi. Ka tabbata kuma abin da ka zaɓa a inji shi ne ka zaɓa a manhajar RIP ɗinka, wadda ke tura zane zuwa inji, Onyx ce ko Caldera ko Flexi, don sau da yawa mutum ya gyara a nan ya manta can.

Zafi ka fara daga 80 ko 85, sai dai in takardar ledar ta faɗi wani abu daban, to bi nata. Yawan tawada in yana 110 ko 120 cikin ɗari sauke shi zuwa 90, in bai yi ba 80. Na san abin da za ka ce, launi zai kwanta, masu makaranta za su ce shuɗin bai fito ba. Wallahi a kan farar leda mai santsi bambancin kaɗan ne, tunda ba ta shanye launin duk yana nan a sama, kuma shuɗin da ya ɗan sauka ya fi shuɗin da ke bin hannun yara. Sannan zagayen kai, wato sau nawa kan ke wucewa kafin ya cika wuri ɗaya, in kana 6 ko 8 kai shi 12, aiki mai duhu irin naka ko 16 ba laifi. Duk zagayen da ka ƙara, ledar na tafiya a hankali, tana daɗewa a ƙarƙashin iska mai zafi, tawadar kuma na sauka kaɗan kaɗan maimakon a zuba ta lokaci ɗaya. A cikin saitin ci gaba akwai wani wuri na ɗan jira tsakanin zagaye da zagaye, da milisakan ake ƙirga shi, sa 200 ka gani, in da saura ka kai 400. Wannan ɗan jiran ya ceci aiki da yawa kuma mutane ƙalilan ne ke taɓa shi. Sai bayan duk wannan, in har yanzu akwai danshi, ka ƙara zafi biyar biyar kana kallon ledar a bakin fita, da ka ga gefenta ya fara rawa ko ciki ya fara kumbura ka dawo baya biyar ka tsaya a nan.

Eh aikin zai yi jinkiri, rolop ɗin da kake bugawa cikin 'yan mintoci zai ci ninki. Guda 12 ne dai, mita biyu biyu, yini ɗaya ya ishe ka.

Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka canza abu biyu a tare, kuma kar ka yi gwaji da cikakken rolop. Yanko inda ya fi duhu a zanen, faɗin ledar gaba ɗaya amma tsawon kamar tafin hannu biyu, ka buga, ka rubuta saitin da alƙalamin maka a gefensa, ka canza abu ɗaya ka sake. In ya fito bar shi ya huce tukuna, don tawada mai zafi tana da laushi ko da ta nuna, sai ka goga da farin tsumma busasshe, sannan ka manna salatif ka fizge. Tsumma ya fito fari, salatif bai ɗauko launi ba, to ka samu. Wannan takardar gwajin ka ajiye ta a durowa, wata rana za ta yi maka amfani.

Ka leƙa zanen ma. Yaranmu masu CorelDRAW da Photoshop suna son baƙi ya yi baƙi ƙirin, sai su cika launuka huɗun duka ɗari ɗari, ya zama 400 a wuri ɗaya, shuɗi mai duhu ma haka ake haɗa shi da baƙi da ja a ciki. Furofayil mai kyau yana rage wannan da kansa, amma in an kashe sarrafa launi a RIP to duk abin nan zai sauka a kan leda ya kwanta kamar kududdufi. Sai optimaiza, wannan farin ruwan da ke da kansa shi kaɗai a cikin kawuna shidan injinka, aikinsa ya riƙe launi inda ya sauka kar ya bazu. In ka ga shuɗin yana kutsawa cikin farin rubutu, buga gwajin kansa ka gani ko ya toshe, ka duba kwanan watan da ke jikin kwalinsa. Amma kar ka ɗauka ƙara shi da yawa zai busar da aiki, shi ma ruwa ne, ƙari ne a kan abin da hita za ta kora.

Yanzu abin da littafin injin ba zai faɗa maka yadda ya kamata ba, don ba a Garwa aka rubuta shi ba. Na farko kuran. Injinka igiyar wuta biyu gare shi, kowace tana son 200 zuwa 240, kuma in yana aiki yana jan wajen kilowat 4.6, yawanci hita ce ke cinye shi. Ƙarfin hita kuwa ba daidai da wuta yake sauka ba, ya fi ta saurin faɗuwa, in wuta ta sauko daga 220 zuwa 190 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta ya tafi. Na taɓa zama a wani shago tun la'asar muna juya saiti, da rana aiki ya fito lafiya da yamma ya jiƙe, har aka kira magariba ba mu gane ba, sai da yaron shagon ya kawo mita muka soka a soket muka ga wutar ta yi ƙasa sosai daidai lokacin da unguwa ta kunna fitilu da fankoki, ga kuma igiyoyin biyu an cusa su a rallonji, wato wayar ƙari, ɗaya siriri har ya yi ɗumi. Auna wutarka injin yana cikin bugu, ba yana hutawa ba. Kowace igiya ta samu layinta da waya mai kauri. In gurup, wato janareto, kake amfani da shi ka tabbata ya fi ƙarfin injin da tazara mai kyau, musamman in kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, da kwamfuta suna kai.

Na biyu damina. A watan Agusta, Binuwai a cike, iska kanta a jiƙe take, ko wanki ka shanya sai ya wuni. Injin nan an yi shi ne ya fi jin daɗi a ɗaki mai zafin 20 zuwa 25 da danshin 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma duk ruwan da yake kora daga tawada a cikin shagonka yake zama. In ka rufe ƙofa da taga ba kilim, iskar ɗakin ta ƙoshi, ba ta da wurin karɓar wani tururin. Kilim yana taimakawa sosai don yana tsotse danshi, in babu a samu hanyar da iska ke fita. Amma kar ka juya fanka ko bakin kilim ya riƙa busa gaban injin kai tsaye da sunan taimako, sanyaya hitar kake yi, kuma alamarsa ita ce gefe ɗaya ya bushe ɗaya ya jiƙe. In kuma kullum layi ɗaya ne a tsaye ke fitowa da danshi ko da wace leda, to nan ne za a duba fankokin hita da ƙananan ramukan iska, ƙurar hunturun bara tana iya toshe su. Kashe inji, zare igiyoyin biyu, bar shi ya huce sosai kafin kowa ya sa hannu, gara ma ka kira mai gyara.

In farkon aiki ne kawai ke jiƙewa sauran ya yi daidai, hita ce ba ta gama ɗaukar zafi ba, bar ɗan fili a gaba ko ka jera ayyukan a bi juna kar ta huce a tsakani.

Waɗanda suka riga suka yi maiƙo amma ba su manne ba, kar ka zubar, shimfiɗa su fuska sama a ɗaki mai iska kar ka ɗora komai a kai, sau da yawa maiƙon yana bajewa da kansa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya manne da baya launi ya ɓare kam ya tafi. Sababbin kuma kar ka naɗe da zafinsu, rataye su ko ka shimfiɗa su kwana kafin ka sa a ƙarfen rolop. In ka yi duk wannan ledar ta ƙi, nemi ledar rolop ta wata irin roba da ake kira PET, ta fi PP jure zafi nesa ba kusa ba kuma gefenta bai cika naɗewa ba, ta ɗan fi tsada amma ba za ta ci maka rabin rulo ba. Ka rubuto mana yadda aka ƙare don Allah.

Sai wata gajeriyar tambaya daga wata 'yar'uwa a Njamena, ta ce ita nata yana bushewa, amma da hunturu sai ta ga ƙananan ɗige ɗige kamar feshi a gefen rubutu, da wasu fararen tabo a cikin launi, kuma ledar tana ba ta shokin in ta taɓa.

Hajiya wannan shokin shi ne amsar. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, PP kuma in ana warware ta tana tara wuta a jikinta irin wadda ke sa mayafi ya riƙa ƙara yana manne wa mutum. Wutar nan tana karkatar da ƙananan ɗigon tawada su sauka inda ba a aike su ba, tana kuma jawo ƙura, duk inda ƙwayar ƙura ta zauna tawada ba ta taɓa leda ba, in ta faɗi sai farin tabo. Ki sa a duba wayar ƙasa ta injin, shaguna da yawa soket ɗinsu rami uku ne amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba. Ki ƙara wa ɗakin danshi, in da na'urar tururi to, in babu a riƙa goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma safe da rana maimakon shara, a rufe ƙofar da ke kallon titi. Rulo ya zauna a cikin ledarsa har lokacin da za a ɗora shi, a kawo shi ɗakin bugu ya kwana kafin ranar bugu, kuma mita ta farko da ta sha hannu da ƙura a goge ta da tsumma marar gashi kafin a fara.